Yoyon da Kuwabara Ya Ji

Maƙwabcina Kuwabara shekara talatin da takwas ya yi a hukumar ruwa yana farautar yoyo. Sandan ƙarfe gare shi: ya kafa bakinsa ɗaya a kan titi, ya kara kunne a ɗayan, ya ce a tona nan. Bai taɓa sa an yi tonon banza ba. Kunnen nan yana jin ɗigon ruwa ƙarƙashin kwalta, maganar matarsa Tomie ce kawai ba ta shiga cikinsa.

Shekara uku likitoci suna cewa jijiyar zuciyarsa ta kusa toshewa, ya bari su zura siririn bututu ta cinya su buɗe ta. Tomie ta yi roƙo, ta yi kuka.

"Ni za a koya wa bututu?" in ji shi. "Na san abin da waya ke yi wa tsohon bututu."

Ana haka 'yarsu ta kawo musu kwikwiya mai suna Azuki. Da ya ga tana yawan haki, sai ya ɗauko sandansa ya ɗora mata a ƙirji.

"Yoyo ne," ya ce.

Tomie ta yi dariya har da hawaye. Likitar dabbobi kuwa ba ta yi ba. Ta ce akwai jijiyar kusa da zuciya da ya kamata ta rufe bayan haihuwa, ba ta rufe ba, kuma in aka bari da wuya kwikwiyar ta kai baɗi. Maganin shi ne a zura siririn bututu ta cinya a toshe wurin.

Gogan naka ko tari bai yi ba, ya buga hatiminsa a takardar amincewa. Har wurin bauta ya je ya sayo laya ya ɗaura a kejinta.

Washegarin aikin da suka je ɗauko ta, ya sake kara sandan. Babu yoyo, sai bugu tsaf.

"Ku shirya," likitar ta ce, "shekara goma sha biyar za ku yi da ita."

Shekarunsa saba'in da huɗu. Suka iso gida. Yana cire takalmi ya kira asibiti ya ce a sa masa ranar nasa aikin.

"Haba tsoho!" Tomie ta ce. "Shekara uku ina kuka, ashe kare muke jira?"

"To wa zai riƙa fita da ita? Ke, da wannan gwiwar taki?"

Ta ba ni labarin tana tsine wa taurin kansa, tana ninke masa kayan asibiti. Kifin da ta soya masa ranar, sai ta bai wa Azuki.