Kawu Farfela da Ƙarfen Tafki

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, makanikin injin ban ruwa ne da janareto, amma ba mai kiransa da sunansa na yanka. Kawu Farfela ake ce masa, kuma ba don yabo ba. Yana ɗan yaro, lokacin yaƙi, ya ce ya ga jirgin sama ya sauko kan tafkin bayan gari yana hayaƙi, farfelarsa na juyawa a hankali, ya shige ruwa shiru. Shi kaɗai ya gani. Ya ruga gida ya faɗa, aka kwashe da dariya. Dariyar nan ta bi shi har ya yi furfura.

Ni abin haushi yake ba ni, wallahi. Mutum ya gyara maka inji, ruwa na kwarara a gonarka, sannan ka buɗe baki ka ce, "Kawu, yau jirgin bai tashi ba?" Shi kuwa sai murmushi, ya goge hannu da tsumma. In aiki ya lafa ya kan zauna a bakin shago cikin warin baƙin mai, ya zuba wa sama ido. Ya sha gaya mini jirgin na nan ƙarƙashin ruwa yana ƙyalli kamar sabon kwano, kifaye na shiga ta taga suna fita. Na san abu ɗaya yake so kafin ya bar duniya: a ce ya yi gaskiya.

Bara ruwan tafkin ya ja baya sosai, sai ga wani dunƙulen ƙarfe ya leƙo daga laka. Masu sayen tsofaffin ƙarafa suka janyo shi bakin gaɓa, suna shirin yanka shi. Wani ya ce injin tarakta ne, wani ya ce na kwale-kwale. A lokacin yanar ido ta hana Kawu gani sosai, don haka ni na riƙo hannunsa har wurin.

Na ce da mai zarton, "Malam, dakata, ƙarfen ba gudu zai yi ba."

Kawu ya durƙusa a laka. Tsatsa ta ci abin har ya koma kamar kututture. Ya zuba kananzir, ya bi da burushin waya, ya dinga shafawa da yatsu yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Ya ce silindojin ba a jere suke ba, zagaye suka yi. Ya ce ga haƙarƙari siri-siri a jikin kowanne, iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Sai ya cusa ɗan yatsa a wani rami a kan silinda ɗaya, ya lalubo ɗaya gefen, ya sami wani.

"Ramin fulogi biyu, injin jirgin sama ke nan," in ji shi. "In ɗaya ya mutu a sama, ɗaya ya riƙe. Tarakta ba ta bukatar haka, ita in ta mutu sauka kake yi ka tafi gida."

Nan take aka ɗau shewa. Ni har da guɗa, ina cewa, "To, ina 'yan dariyar? Ku fito mana!" Daɗi kamar ya kashe ni.

Da na juyo, Kawu bai tashi ba. Hannunsa na kan ƙarfen, hawaye na bin gemunsa. Na ce, "Haba Kawu, yau ai ranarka ce."

Ya girgiza kai. Ya ce, "'Yar nan, ashe da mutum a ciki. Duk shekarun nan jirgin nake gani, ina ta so a yarda da ni. Ban taɓa tuna cewa wata uwa ta zauna jiran ɗanta ba."

Ya juya fuskarsa wajen ruwan, ya ce in tambayi masunta ko akwai wanda zai kai shi tsakiyar tafkin.