Ɗauko Yaya Hansatu daga Gidan Ɗinya

Rijiyar Zaki

Ana idar da sallar asuba muka tashi, ni da Garba bakanike, gari bai gama wayewa ba. Saƙo ne ya zo cewa yayata Hansatu ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu. Mai ɗori ya duba ya ce wannan sai asibitin ƙashi a Kano. Ƙauyenmu Gidan Ɗinya kuwa, idan damina ta zauna, ba abin da ke shiga sai babur da jaki, ita kuma ko zama ba ta iyawa.

Motar da muka tafi da ita tsohuwar Landiroba ce da ta daɗe a yashe a ƙofar gidana, har kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. A tsadar nan ba mai sayen sabon kaya, duk abin da muka sa mata daga wajen 'yan gwangwan ya fito. Kafin ranar tafiyar, Garba ya wanke kafireta, ya liƙe lagireto, muka ɗaga ta, muka sa mata manyan tayoyi. Sai na kawo fallayen sifirin na wata tsohuwar akori-kura, na ce a ƙara biyu-biyu a baya.

"Alhaji, buhunan gero za mu ɗauko ko mutum?" in ji Garba.

"Ni dai ka sa. Ba na son ta karye mana a daji."

Ya sa. Motata ce, kuma na girme shi.

Minjibir

Gidajen mai duk a rufe, sai a wajen 'yan bumburutu muka cika jarka. A shingen shiga gari wani ɗan sanda ya zagaya motar ya ce, "Baba, wannan mota ce ko tarakta?" Garba ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ma yau za mu sani." Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Muka sha koko da ƙosai a bakin tasha, da hantsi muka sauka daga kwalta.

Daga nan burtali ne, wato hanyar shanu tsakanin gonaki. Gero ya fi motar tsayi, ganyensa na shafar tagogi. Inda yashi ya yi yawa muka rage iskar taya, muka sa ƙaramar giya mai jan ƙafa huɗu. Ta haye rafi ba ta ko yi tari ba. Na dubi Garba na ce, "To, ka ga sifirin ɗin da ka raina?" Ina riƙe da sitiyari, a kan kujera mai soso, ban san abin da ake ciki a baya ba.

Gidan Ɗinya

Mun isa kafin azahar. Na same ta kwance a tabarma, ta rame, amma bakin yana nan.

"Auta, kai ne da wannan ƙara? Na ɗauka injin niƙa aka kawo mana."

Ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu, shi ya sa har yau da furfurata Auta take ce mini. Jikokinta suka zo gyara mata matashi. Ɗan motsin nan kawai, ta damƙe hannuna har faratanta suka shiga, ba ta yi ko nishi ba.

Garba ya ja ni waje. "Alhaji, don Allah kwanta a baya, inda za ta kwanta. In kai ka masallaci in dawo."

Na cire hula na kwanta. Ba mu kai rabin hanya ba na buga bodi ya tsaya. Kowane ɗan rami sai na ji kamar an ɗaga ni an maka da ƙasa, ni da ƙashina lafiya. Na daɗe a kwance ina kallon rufin motar. Na gyara ta don kada ta karye, ban tuna da wadda ta riga ta karye ba.

"Garba, ka yi haƙuri. A cire."

"Da ma na taho da sifanun."

Notocin sun ci tsatsa, sai da Malam Tanko maƙeri ya gasa su da gawayi suka kwance. Muka zare fallayen nan huɗu, muka cika buhuna da yashi muka jera a baya don nauyi ya danne ta, muka shimfiɗa katifa biyu. Na sake kwanciya, aka sake zagawa, aka ƙara rage iska. Sai da magariba na ce ta yi. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, muka kwana a soro. Ƙarafan na bar wa Malam Tanko, ya ce babu abin da ya kai su yin fartanya.

Komawa

Da safe maza huɗu suka ɗauko ta a kan ƙyauren ɗaki. Na ba Garba makulli na shiga baya, na ɗora kanta a cinyata. Tafiyar jaki muka yi, har wata mai tallar nono ta wuce mu ta waiwayo tana dariya. Idona na kan fuskar Yaya. A rafi ta runtse ido, ta buɗe.

"Da zafi, Yaya?"

"Kai dai riƙe ni. Na ji an ce Tanko zai yi fartanya da ƙarfenka. Ka ce ya ajiye mini guda, mara nauyi. Gyaɗar baɗi da ni za a yi."

Kafin mu hau kwalta na ji hannunta ya saki nawa. Gabana ya faɗi, na sunkuya. Barci ne. Jikarta da ke zaune gefe ta ce rabon Yaya da barci tun ranar da ta faɗi. Garba ya leƙo zai yi magana, na sa yatsa a baki. A shingen Minjibir ɗan sandan jiya ya taho da zolayarsa, ya leƙa, ya janye katakon shingen a hankali.

Da la'asar aka karɓe ta a asibiti, likita ya ce ƙashin bai ƙara gocewa ba. Na iso gida bayan magariba, ƙafata a sage, ban yarda na motsa ta ba tun daga ƙauye. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Allah ya saka wa Malam Tanko da mutanen Gidan Ɗinya, ya yi wa Garba albarka, wanda ya taho da sifanun bai gaya mini ba.