Ka Ce Kada a Bar Mararraba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Yaya Na-Baya, mai walda, babban aminin maigidana. Ya rasu a kan wata hanyar dutse, a rana ta shida ta tafiyarsu ta babur. Labarin bai iso mu ba sai washegari da hantsi, domin inda suke babu sabis. Ina tsakar gida ina shanya kaya wayata ta yi ƙara. Da na ji muryar maigidana, sai na yi hamdala a zuciyata tun bai gama magana ba, saboda shekara uku ke nan ina tsoron irin wannan kiran, kuma kullum a tunanina wani ne zai kira ni a kansa. Sai da na ajiye wayar na gane abin da na yi wa hamdala. Yaya, da wannan nake so in fara, domin ban san ko za ka yafe mini ba.

Ga wanda bai san su ba, su bakwai ne. Sau biyu a shekara sukan ɗaure tanti da jarkokin mai da kayan faci a kan dogayen baburan nan masu tayoyi kamar haƙoran zarto, su nufi tsaunuka, can inda kwalta ta ƙare. Sukan yi mako biyu, wani lokaci uku. Ba fatauci ba ne, ba tsere ba ne, ba kuma aiken wani ba. Tafiya ce kawai. Har yau ban gane abin da suke nema a can ba. Akwai wanda suke kira Ja-Gaba, shi ke jan ayari. Kai kuma kullum kai ne na ƙarshe, har sunan ya bi ka, ya danne na yanka.

Ba zan ɓoye ba, da farko ba na ƙaunarka. Ni mai karatun littattafan soyayya ce tun ina makaranta, kuma a cikinsu ba a rasa wani abokin miji da ke janye shi daga gida. Tun ban gan ka ba na ba ka wannan matsayin. Wata huɗu da aurenmu ka zo gidanmu da taswira a naɗe a hammata, ka shimfiɗa ta a tsakiyar falo, ka danne kusurwoyinta da kofuna. Ka nuna mini inda za ku kwana, da inda za ku sami ruwa, da inda waya ba za ta shiga ba na kwana huɗu. Ka ce, "Ƙanwata, ni ne a baya. Duk abin da ya faɗi ni ke tsincewa, ko sifana ko mutum. Mijinki ba zai taɓa zama na ƙarshe ba." Ni kuwa da gangan na kawo maka shayi babu sukari. Ka shanye shi tas, ka ce shayin masu hankali ke nan.

A tafiyar da ta biyo baya na cusa wani littafina a jakar maigidana, wai don ya riƙa tunawa da ni. Ko buɗe shi bai yi ba, a hanya ma ya yar da shi bai sani ba. Kai ka tsince shi a bakin wani rafi, ka shanya shi a kan tankin mai, ka karanta shi kaf. Ranar da kuka dawo, kafin ka je gidanka, ka tsaya a ƙofarmu da ƙura har gira, ka miƙo mini shi ya kumbura kamar burodi. Ka ce, "Labarin ya yi daɗi, amma wannan saurayin naku kwana uku yana tuƙi bai sha mai ba? Ki tambayo mana gidan man da yake zuwa." Na so in ɗaure fuska, dariya ta ci ƙarfina. Tun daga ranar, duk tafiya sai ka aiko a karɓo maka littafi ɗaya, kuma duk dawowa sai mun yi gardama a kan wadda ya kamata a aura. Kullum kana bayan wadda aka bari.

Kai ne kake hawa kan tudu da ƙafa, bayan kowa ya gaji ya zube, don ka nemo sabis ka turo wa matan gida saƙo cewa an sauka lafiya. Kai ne kuma kullum kake isowa masauki a makare. Maigidana ya ce ba ka iya wuce mutum. In ka ga makiyayi sai ka kashe inji kun gaisa, ka tambayi lafiyar shanu. Wata rana ka tarar da wani malamin makarantar ƙauye yana tura babur a hawa, sarƙa ta tsinke, ka ciro taka ta ajiya ka ɗaura masa, ka ci gaba da tafiya babu ta ko-ta-kwana. Abokanka sukan tsokane ka su ce ko lahira kai za ka zo ƙarshe. Sai ga shi ka riga su duka.

Yanzu dole in faɗi dokar, domin a kanta komai ya tsaya. Hanyoyin can suna rarrabuwa babu allo babu alama, kuma saboda ƙura ba sa tafiya kusa da juna. Shekaru da suka wuce wani ya koma neman na bayansa, suka saɓa hanya, su biyun suka ɓata har kwana guda. Daga nan ka kafa musu doka: duk wanda ya zo mararraba zai tsaya sai ya ga na bayansa da idonsa, sannan ya wuce. In na bayan bai zo ba, ba komawa, ba gaba. A tsaya nan har Ja-Gaba ya ga ayari ya tsinke ya dawo, sannan a koma nema tare. Maigidana ya ce ka sha faɗa masa, "Ko sama za ta faɗo, kada ka bar mararraba."

Ranar Larabar nan shi ne a gabanka. Ya iso wata mararraba a kan tudu ya tsaya. Ya ce yana jin ƙarar injinka a baya, sai ya ji ta ɗauke. Ya yi murmushi, ya ce a ransa Yaya ya sami abokin gaisawa. Ya cire hular kwano, ya sha ruwa, ya ci biskit. Kwarin da ke ƙasa ya yi masa kyau, ya ɗauki hotuna goma sha ɗaya don ya nuna mini. Da aka yi rabin awa hankalinsa ya fara tashi, ya taka babur, ya sake kashewa, saboda ka ce kada a bari. Awa ɗaya da rabi ya yi a wurin kafin Ja-Gaba ya dawo da sauran.

Tafiyar da ba ta kai minti biyar ba suka yi suka same ka. Ba faɗuwa ka yi ba. Babur ɗinka na tsaye a gefen hanya yadda ya kamata, hular kwano a rataye, safar hannu a ninke a kan kujera. Kana zaune ka jingina da dutse, gorar ruwa a buɗe a gefenka. Jikinka bai gama hucewa ba. Likitan asibitin da suka kai ka a gindin tsaunin ya ce zuciya ce. Suka tambaye shi ko da an zo da wuri za a iya yin wani abu. Ya ce wataƙila minti biyu ka yi, wataƙila awa guda, babu mai iya sani.

Yaya, a nan kaina ya kulle. A littattafan da nake karantawa, kafin a kai tsakiya an san mai laifi, sai dai a jira ranar da asirinsa zai tonu. Na juya wannan al'amari ta kowace fuska ban sami kowa ba. Ka kafa doka don kada a rasa rai. Maigidana ya bi ta yadda ka koya masa. Ja-Gaba ya dawo yadda aka tsara. Kowa ya yi daidai, kuma ka rasu kai kaɗai, mutumin da ya fi son ka yana cin biskit a bayan tudu ɗaya. Na san ajali ba ya gaggawa kuma ba ya jinkiri, na yi imani da haka. Amma idan na faɗa wa maigidana sai ya gyaɗa kai, ya koma kallon hotunan nan, yana duba lokacin da ke jikin kowanne.

Yana zuwa makarantar da yake koyarwa, yana dawowa, amma kamar an aiko inuwarsa. Abinci sai ya taɓa ya ture. Ya tsaya a kanka har aka rufe ka, amma ya kasa shiga ya gaida Anti, matarka. Sau biyu yana kaiwa ƙofar gidan yana juyowa. A kwana na tara ya kama hannuna ya sa mini makullin babur. Ya ce, "Ga shi. Abin da kike so ke nan tun da can. Ki faɗa wa Kawu ya kawo mai saye." Kawuna dillalin babura ne.

Gaskiya ya faɗa. Shekara uku ina roƙon Allah Ya raba shi da babur ɗin nan. Har tsara ranar nake yi a raina, yadda zai dube ni ya ce ya zaɓe ni a kan tsaunuka. Ga makulli a hannuna, amma ba haka na tsara ba. Ba zaɓa ta ya yi ba, hukunci yake yanke wa kansa. Na ga cewa in na sayar, na sa hannu ke nan cewa shi ya kashe ka, kuma da wannan zai zauna har ƙarshen ransa. In kuma ban sayar ba, wata rana zai koma can, kuma babu kai a bayansa. Duk da haka na kira Kawu, domin ban san abin da zan yi ba.

Washegari na je wurin Anti ni kaɗai. Na same ta a ɗaki tana ninke rigunanka na aiki, waɗanda tartsatsin walda ya huhhuda. Bayan mun gaisa ta ce, "Ina mijinki? Kowa ya shigo ban da shi."

Na faɗa mata komai, har biskit ɗin. Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Awa ɗaya da rabi ya tsaya?"

"Eh, Anti."

"Bai motsa ba?"

"Bai motsa ba."

"To, shi kaɗai ne ya taɓa jin maganar mutumin nan. Ni shekara ashirin da biyu ina zaune da shi, ban taɓa yi masa biyayyar awa ɗaya da rabi ba."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, muka yi tare. Da ta share fuska ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, ƙanwata, ni ma ina tunanin da ya koma. Kullum ina yi. Amma ki ce masa ya zo. Shi ne na ƙarshe da ya ji ƙarar injinsa, ina so ya faɗa mini da bakinsa."

Na isar da saƙon. Ya ce to, bai tashi ba.

Ranar Asabar da safe Kawu ya zo da mai saye. Mutumin ya zaga babur ɗin, ya danna taya, ya leƙa inji, ya miƙo hannu a ba shi makulli ya gwada. Sai na ji bakina ya ce, "An fasa."

Kawu ya ce, "Ke wai me kike so ne? Shekara uku kina cika mana kunne a kan ƙarfen nan, yanzu na taso mutum daga shagonsa."

Na ba su haƙuri, suka tafi Kawu yana mita. Maigidana yana tsaye a bakin ƙofa, ya ga komai.

Ya ce, "So kike in koma?"

"A'a."

"To, me ya sa?"

"Ban sani ba. In za a sayar a sayar wata rana, amma ba don wannan ba. Tayar da babur ɗin ka kai ni gidan Anti."

Sai ya shiga ya wanke fuska, ya fito da hular kwano biyu. Ban taɓa hawan babur ɗin ba sai ranar, da ƙyar na hau saboda tsayinsa, kuma duk hanya idona a rufe yake. Da muka isa bai juya ba. Ya yi sallama ya shiga, ya durƙusa a bakin ƙofar falo. Ni na zauna a tsakar gida. Ban ji abin da suka faɗa ba, sai dai na ji kukansa, wanda tun rasuwarka ban ji ba.

Ban san ko na yi daidai ba, Yaya. Da kana nan da mun yi gardama a kai.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Duk wanda ya tsaya ya taimaka a hanya, Ka sa ya tarar da ladan a mizaninsa. Ka sa ciwon da ya ji shi kaɗai ya zama kankarar zunubi, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti, da 'ya'yansa huɗu, da mahaifiyarsa, da ma'aikatan shagonsa, da abokan tafiyarsa shida. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya sanyaya zuciyar maigidana. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.