Dodon Koɗin Babana

A Jidda aka haife ni, a Jidda na girma, kuma sai da na haura shekara talatin kafin na ga dodon koɗi ido da ido. Mu 'ya'yan unguwar Madain Fahd kyankyaso muka sani da kyanwar bola. Shi ya sa ranar da na kwance ɗan ƙunshin goron da wani ɗan'uwan Baba ya kawo masa tsaraba daga ƙasarmu ta asali, na ga wani abu manne a bayan ɗanyen ganye yana miƙo ƙahonni, sai na yi jifa da ƙunshin na ƙwala ihu. Inna ta fito daga kicin da ludayi a ɗage.

Baba ne ya hana a kashe shi. A lokacin shekararsa biyu da barin aikin sito a Khumra, gwiwoyi sun ƙi. Tun da ya zauna a gida magana ta ƙare masa. Daga masallaci sai kujera, daga kujera sai masallaci. Ko me ka tambaye shi, amsar ba ta wuce "Alhamdu lillahi." Shirun nan yana cin raina, domin mutum ne da a da sai an roƙe shi ya bar surutu a ci abinci. Ita kuwa Inna tsokanarsa take yi da faɗa, ko Allah zai sa ya tanka, ba ya tankawa.

Ran nan sai ga shi ya tsuguna da gwiwoyin da suka ƙi, ya ɗora abin a tafin hannu. Bai fi babban yatsa ba.

"Ɗan kurmi ne," in ji shi. "Dubi zanen bayansa. Kai, bawan Allah, me ya kawo ka ƙasar da ba a ruwa?"

Daga nan bakin ya buɗe, bai rufe ba har la'asar. Ya ba mu labarin samartakarsa, lokacin da yake jan babbar mota yana ɗauko goro daga kurmi, inda ruwa ke zuba wata da watanni, itatuwa su hana rana taɓa ƙasa. Ya ce in an ɗauke ruwa sai ka ga irin waɗannan sun fito kan ruɓaɓɓen ganye, wani ya cika hannu, mutanen can su tsince su, su soya da barkono. Ya rantse bai taɓa ci ba. Inna ta ce rantsuwar ta yi sauri da yawa.

Aka yi wa baƙo masauki a banɗaki: baho, ƙasa daga tukunyar fulawa, jiƙaƙƙen buhu, da kwando a kife. Baba ya ce a bar tagar a buɗe. Zafin Jidda mai danƙo, wanda ke sa riga ta manne wa mutum a baya, shi ne abin da baƙon yake so, kuma a iya sanina shi kaɗai ne halittar da ke jin daɗinsa. Abincinsa kokwamba da latas da dakakken ɓawon ƙwai. Gishiri kuwa, in ji Baba, ajalinsa ne, don haka duk wanda ya taɓa miya sai ya wanke hannu kafin ya leƙa. Mutumin da ba ya wuce masallaci sai ga shi yana takawa har wurin masu kayan miya yana zaɓen kokwamba ɗaya bayan ɗaya. Kafin watanni su zagayo abin ya kai dunƙulen hannuna, dattawan masallaci suna zuwa kallo.

Inna ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Majina mai ɗaki take ce masa. "Shekara arba'in ina dafa maka," take ce wa Baba, "ba ka taɓa tambaya ko na ci ba. Wannan majinar kuwa har yanka masa kake yi siri-siri." Baba ya ce ai shi ba ya mita. Ta harare shi, amma na ga bakinta yana motsi, daɗi take ji an rama.

Sai abokansa suka shirya ziyarar Madina ta mako guda, kuma Baba ya ce zai bi su. Ya bar mana wasiyya: yayyafi safe da yamma. Ni ina shagon ɗinki tun safe, don haka amanar ta koma hannun Inna.

A rana ta biyu tausayi ya kama ta. Ta shiga banɗakin da azahar ta ji kamar tanda. Na dawo na tarar da baho a falo, daidai ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ana busa masa sanyi. Ta cire buhun ta wanke ta shanya, ta shimfiɗa masa tsumma mai tsabta, har da turaren wuta a gefe don warin ƙasa.

"Amanar mutum ce, ya binti," ta ce, wato 'yata da Larabci. "Wa ke barin baƙo a hammam, banɗaki fa, cikin wannan zafi?"

A Jidda babu karamcin da ya wuce ka zaunar da baƙo inda sanyi ya fi bugawa. Ni ma haka na taso na gani, don haka yaba mata na yi. Ba zan ɗora mata laifin ita kaɗai ba.

A rana ta huɗu dodon koɗin ya shige ɗakinsa bai fito ba. Wani farin abu ya rufe bakin ƙoƙon, busasshe ƙayau. Muka ƙwanƙwasa, shiru. Muka kai kokwamba har ƙofa, ta yanƙwane a wurin. A rana ta shida Inna ta ɗaga shi ta kara a kunne, ta ajiye, ta ce da Larabci, "Khalas," wato shi ke nan, ya mutu.

Tsoro ya kama mu, kuma ba don dodon koɗi ba. Kujerar nan muke tsoro, da mutumin da zai koma cikinta ya yi shiru. Na buga waya wani shagon kayan abincin ƙasarmu ko suna da mai rai. Suka ce akwai, amma a firiza, an riga an fere. Na ce to mu ce wa Baba ya gudu.

"Ya gudu?" Inna ta dube ni. "Da wace ƙafar?" Muka yi dariya, ita tana share ido da gefen mayafi.

Da safiyar ranar da Baba zai dawo na ɗauko leda zan kai shi bola. Inna ta ce in ajiye. Ita ce mai wankan gawar mata a cikin mutanenmu na unguwa, kuma hannunta bai saba sallamar abu da ƙura a jikinsa ba. Ta ce ba wanka za ta yi masa ba, Allah ya kiyaye, ɗauraya ce kawai. Amma ruwa mai ɗumi ta haɗa, kuma na lura ta gefen dama ta fara, tana zubawa a hankali kamar kada ya ji zafi. Ta naɗe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle ta ajiye a kwano, ta ce in mun sha shayi sai mu tona tukunyar fulawa.

Mun kai rabin kofi sai ƙyallen ya motsa. Ƙaho ɗaya ya leƙo, sannan ɗayan. Matar da ta wanke gawa ba adadi ba ta taɓa yin ko gezau ba, sai ga ta a bakin ƙofar gida tana a'uziyya, takalmi ɗaya a ƙafa. Ni kuwa ina kan kujera a tsaye, ban san lokacin da na hau ba.

Baba ya iso da azahar ya tarar da baƙonsa yana cin latas a banɗaki, mu kuma mun yi tsit kamar ba mu ba. Farin ɓawon da ya gani a cikin baho ne ya tona mu. Inna ta faɗi gaskiya tun daga mukayyif har ƙyalle. Ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Ya ce haka suke yi in rani ya yi, su toshe ƙofa su kwanta su jira ruwa, wani ya yi watanni a haka.

"To ka faɗa mana mana!" in ji Inna. "Ka bar mutane da zullumi."

"Yanzu dai na san gwanintarki," ya ce yana goge hawaye. "Ran da tawa ta zo, ke za ki wanke ni, ban yarda da kowa ba. Amma in kin zuba ruwan, ki ɗan jira tukuna."

Ta ce ya rufe mata baki, Allah ya sa ta riga shi.

Ba ta riga shi ba. Bayan shekara uku ya rasu da hantsi, yana cikin ba mu labari. Maza suka zo za su ɗauke shi, Inna ta ce akwai alkawari, liman ya ce halas ne mace ta wanke mijinta. Ta shiga da ruwan ɗumi ta ja ƙofa. Aikin da na san ba ya ɗaukar ta lokaci ya ɗauke ta har mutane suka fara duban agogo. Da ta fito hannayenta a jiƙe, ta zauna kusa da ni, ta ce a hankali, "Na jira, ya binti."