Matacin Gahawar Inna

Yayana ya dawo garinmu Kaikai da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Zamanin Turawa ne, bayan babban yaƙin nan da aka ɗebi samarinmu zuwa Bama. Ina gona wani yaro ya sheƙo ya ce mani ga wani baƙo can ƙofar gidanmu, ya ƙi shiga, ya ce sai na zo. Na iske mutum zaune bisa dakali, baƙi ƙirin, ya rame, gemunshi duk furfura. Sai da ya ce, "Auta, kai ne ka zama haka?" sannan na gane shi. Duk duniya shi da Inna kaɗai ke kirana Auta.

Ina saurayi suka tafi hajji a ƙasa, shi da mahaifiyarmu. A lokacin haka talaka ke tafiya: a yi tafiya, a tsaya wani gari a yi ƙwadago, guzuri ya samu a ƙara gaba. Har na yi aure, na haifi 'ya'ya, babu labarinsu sai ɗan abin da ba a rasa ba daga bakin masu dawowa. Na duba bayanshi, na duba hanya. Ba kowa. Na ce, "Yaya, ina Inna?"

Ya ce, "Allah ya yi mata cikawa a hanya. Ta yi hajjinta."

Bai ƙara ba, ni kuma ban iya tambaya ba, don mutane sun riga sun cika ƙofar gida, kowa na son ya taɓa hannun Alhaji. Aka yi zaman makoki da barka da sauka a tabarma guda.

Kayanshi ba su da yawa. Da ya kwance ƙunshin, ya raba dabino da ruwan Zamzam, sai ya rage wata 'yar jakar fata da bai buɗe gaban mutane ba. Washegari bayan mun dawo masallaci da safe ya kira ni zaure, ya ce in sa mai ɗakina ta ba mu garwashi da kasko. Ya zazzage jakar. Akwai wasu 'ya'yan itace kore-kore masu tsaga a tsakiya, da finjali biyu, da wani abu na farin ƙarfe mai kama da mazurari, sai dai shi ba shi da baki a ƙasa, jikinshi duk ƙananan huji ne kamar an bi shi da tsinin allura.

"Wannan gahawa ce," in ji shi. "Wannan kuma matacinta."

Ya soya 'ya'yan a kasko yana juyawa da tsinke har suka yi baƙi suna ƙyalli, ƙamshi ya cika zauren ya fita titi. Ya daka su a ƙaramin turmi, ba lukui ba, da ɗan tsaki-tsaki, ya ce in gari ya yi laushi ƙwarai toshe hujin yake. Ya ɗora matacin bisa bakin wani kwanon sha, ya zuba garin. Ruwa ya tafasa a buta, amma bai zuba nan take ba, ya sauke ya bar shi ya huce kaɗan. Ya ɗan ɗiga ya jiƙa garin, garin ya kumbura yana kumfa. Ya dakata. Sannan ya shiga zubawa siriri, yana kewayawa daga tsakiya zuwa gefe, baƙin ruwa na ɗiga ƙasa. Ban taɓa ganin yayana ya yi wani abu da natsuwa irin wannan ba. Da can mutum ne mai gaggawa, ko huɗa yake sai ya bar kowa baya.

Na kurɓa, ɗaci ya kama mani harshe kamar maɗaci. Na yamutsa fuska. Ya yi ɗan murmushi, ya ce ita ma Inna haka ta yi ranar farko.

Na aje finjalin. "Inna ta sha wannan abu?"

"Matacin ma nata ne."

A zaman gahawar nan na safe na riƙa samun labarin mahaifiyata, kaɗan-kaɗan. In na tambaye shi da rana ko da yamma, sai ya kau da zancen. Amma in yana zuba ruwa, idonshi na kan matacin, sai magana ta fito da kanta. Sun daɗe a wani gari na ƙasar Sudan, shi yana aikin gonar auduga, ita tana tuyar ƙosai a bakin wani kanti. Mai kantin Bagirike ne, wato Baturen ƙasar Girka, matarshi kuma ta kamu da son ƙosan Inna. Kullum ta sayi ƙosai sai ta miƙo mata finjalin gahawa, har Inna ta saba, ranar da ba ta sha ba sai ta ce kanta na sara. Da za su tashi, matar ta ba ta wannan mataci kyauta.

Ni duk shekarun nan in na tuna Inna, tsohuwa nake gani tana jan ƙafa cikin rairayi, da ƙishirwa. Ashe har ƙiba ta yi. Ta iya Larabcin kasuwa, tana ciniki tana faɗa da shi. Ta yi ƙawaye, suna zuwa biki. Yaya ya ce akwai ranar da ta yi dariya har gahawa ta sarƙe ta. Na ji daɗin jin haka, amma na koma gona ranar ina share hawaye, don wannan matar da yake faɗi ban santa ba, kuma ba zan santa ba.

Labarin rasuwarta ya zo daga baya. Suna hanyar dawowa, a ƙasar Wadai, damina ta tsare su a wani ƙauye bakin rafi. Zazzaɓi ya kama ta. Ya ce har ranar da ta kwanta tana lissafa abin da za ta yi in ta iso Kaikai: za ta ga matar da na aura, za ta gyara rumbunta, za ta koya mani shan gahawa don ta san ni da ƙin ɗaci tun ina yaro. Ta ce mashi ko ba ta kai ba ya kawo mani matacin. Mutanen ƙauyen suka yi mata sutura. Ya faɗi mani sunan garin, na maimaita, na sake maimaitawa, amma bai zauna a bakina ba. Yau ko za a kashe ni ba zan iya faɗinshi ba.

Zaman gida bai karɓi Yaya ba. Masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Ƙarfin noma ya bar shi, ga tari da ya zo da shi wanda ya ce ƙurar auduga ce. Matar da ya bari tun tuni alƙali ya raba auren saboda daɗewa, ta yi wani auren, ta rasu. 'Yarshi guda, wadda ya bari tana goye, tana aure a Kunduru. Aka aika mata, ta zo da ɗanta a baya. Ta durƙusa nesa da shi ta gaishe shi kamar yadda ake gaida baƙon malami. Sai ya tashi ya hura wuta ya yi mata gahawa. Na ga yadda ta runtse ido ta shanye duka don kunya. Ya tambaye ta ko a ƙara, ta ce, "Alhamdu lillahi, Alhaji." Ba ta ce Baba ba. Da ta tafi ya daɗe yana wanke matacin da toka, yana bin hujin ɗaya bayan ɗaya da ƙayar aduwa, alhali ba su toshe ba.

Kafin bazara gahawar ta ƙare. Na hau jaki na tafi Kankia ranar kasuwa. Na zaga masu kayan yaji, wasu ma ba su taɓa jin sunanta ba. Aka ce in gwada kantin wani Bakware, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, da ke sayen gyaɗa a bakin hanyar mota. Na tsaya a ƙofa har yaron kantin ya gaji ya shigar da ni. Bakwaren ya yi mamaki da ya ji abin da baƙauye ke nema. Ya ce ba ta sayarwa ba ce, tashi ce ta sha, daga Kano ake kawo mashi. Da na ba shi labarin Yaya, sai ya shiga ciki ya ɗebo mani cikin tafin hannu biyu, ya ƙulle a takarda. Muka yi ta lallaɓa ta, ana rage gari ana ƙara ruwa, har ita ma ta ƙare. Ban iya komawa roƙo ba.

Yaya ne ya ce a can in babu, talakawa kan soya 'ya'yan rai-ɗore. Wannan kuwa ga shi nan ko'ina a bayan gari. Na ɗebo, muka soya, muka daka, muka sa 'yar citta. Launin ya yi daidai, ƙamshin ma ya ɗan yi kusa. Ya kurɓa ya ce, "To, ba ita ba ce, amma ta fi babu." A lokacin ni har na fara jin daɗin ɗacin.

Da zafi ya tsananta tarin ya ci ƙarfinshi. Hannunshi ya soma rawa, ruwa na zuba gefen kwano. Wata safiya ya miƙo mani butar. Na karɓa. Ya jingina da bango yana kallo, yana cewa, "Sannu-sannu, Auta. Ba ban-ruwan albasa kake ba. Dakata ya sha tukuna. Yauwa, kewaya." Daga ranar ni ke yi. Daga baya ko sha ba ya iyawa, sai in kai mashi finjalin kusa da hanci ya shaƙi tururin, ya ce ya isa.

Ya rasu da hantsi, ranar da aka kwana da ruwan shuka. Gari duk an fita gona, sai da aka bi mutane aka kira su. Muka kai shi, ƙasa na da laushi, haƙan bai ba da wuya ba.

'Yarshi ba ta samu zuwa ba sai washegari, don rafi ya kawo. Ta shigo ba ta yi kuka ba, ta zauna wajen mai ɗakina. Da la'asar ta same ni a zaure, ta durƙusa, ta ce, "Baffa, ya yi maganata kafin ya cika?"

Na ce ya yi. Kuma gaskiya ne. Ya ce in ta zo in gaya mata ranar da zai tafi ya ɗauke ta ya kai ta har bakin gari, tana jan gemunshi, sai da uwarta ta ɓamɓare ta daga jikinshi. Ya so ya faɗa mata da bakinshi ranar da ta zo, harshenshi ya yi nauyi.

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "Da na sani da na kwana biyu wancan zuwan."

Na ce mata shi ma bai san yadda zai tsayar da ita ba. Sai a lokacin ta fashe da kuka, ɗanta ya ji ya kama shi ma. Ta yi kwana bakwai tare da mu. Ranar da za ta koma na raka ta har ƙetaren rafi, na ɗauki yaron a kafaɗa saboda ruwa ya kai gwiwa. Na dawo na ɗauki fartanya, don gero ya tsiro kuma ciyawa ta fara rufe shi.