Ranar da Hajiya ta Tare wa Baba Ƙofa

Wata Laraba ce, cikin daminar shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal. Ina tsugune a tsakar gidanmu na unguwar Boukoki ina tsinke zogalen kwaɗon da muke kira kopto, tantabarun Baba na tsattsagar gero kusa da randa, sai ga maƙwabcinmu ya faɗo ko sallama babu. Wai esansi, wato man fetur, ya kama da wuta a garejin su Sani, Sanin ya ƙone ƙirji da hannuwa, likitoci na neman ruwan jini, irin nasa kuma babu a ajiye. Sani shi ne wanda Yaya Rabi za ta aura bayan Sallah, an riga an raba goro.

Baba tun yana saurayi yake ba da jini, nasa kuma irin na Sani ne. Mun saba ganinsa ya dawo da auduga a lanƙwasar hannu, mu yi wawason gwangwanin madarar da aka ba shi. Nan take ya zura riga ya turo moto, amma kakarmu Hajiya Kulu ta riga shi ƙofa, ta kafa sandarta. "Nono ma ya haramta aure, balle jini," in ji ta. "Ka sa masa naka, ya zama ɗanka, ka kashe auren 'yarka da hannunka." Cikinmu babu mai ilmin musa mata, liman kuma ya tafi ƙauye ta'aziyya. Baba ya tsaya riƙe da moto a gaban sandar. Moton na ta ruri, maƙwabci na cewa lokaci na tafiya.

Sai Yaya Rabi ta fito daga madafa, idonta jawur, ta durƙusa ta janye sandar a hankali. "Baba, je ka," ta ce. "Ya rayu, ko da wana zai zama." Baba ya tafi, ita kuwa haka ta yini bakin murhu, ba ta san ko miji aka ceto mata ko ɗan'uwa ba. Sai da liman ya dawo ya ce jini ba nono ba ne, sannan ta fashe da kuka. Bayan Sallah aka ɗaura aurensu.

Baba ya ci gaba da bayarwa har tsufa ya sa aka sallame shi. Yanzu a waya ake cigiyar jini, mu tura wa juna saƙon mu koma harkokinmu. In na ga Sani da tabonsa yana yi wa jikokinsa wasa, kewar gidan nan takan kama ni. Har yau ban ga so irin na wannan yinin ba.