Jinin da Suka Ce Matacce Ne

Assalamu alaikum. Tun hutun bara ban ce komai a nan ba. Kun san ni da kunya. Amma yau raina a ɓace yake.

Da gajiya abin ya fara. Sai dasashina ya riƙa jini in na yi asuwaki, ga baƙaƙen tabo a ƙafafuna, alhali ban bugu ba.

Kawu Ladan, yayan Innata, ya duba ya ce, "Mataccen jini na. A kira wanzami."

Aka yi mini ƙaho a gidanmu, a Kebbe. Jinin tsagar ya ƙi tsayawa. Baba ya ɗaure ni a bayansa da rawani, a kan babur har asibitin Tambuwal. Daga can aka tura mu Sakkwato.

Ƙarin jini, gwaje-gwaje, da doguwar allura a ƙashin ƙuguna don ɗibar ɓargo. Na zaci mutuwa zan yi. Baba ya sayar da shanun huɗarsa.

Da likitar da ke duba ni ta ji ina son lissafi, sai ta juyo mini kwamfutarta. Ta ce a ɓargo akwai uwayen ƙwayoyin jini. Kowace in ta rabu, ko ta zauna uwa, ko ta zama ja, ko fara, ko mai tsayar da jini. Masana sun mayar da wannan zaɓin lissafi. In an saka sakamakon gwajina, sai layi ya nuna inda jinina ya dosa.

Ta ce, "Irin shuka ne ya yi ƙaranci a rumbunki. Sai kuma aka ɗebi ɗan hatsin da ya rage."

Layina ya daɗe a kwance. Da magani ya kama, ya fara hawa kaɗan-kaɗan. Yanzu na koma makaranta. Alhamdu lillahi. Likita, Baba, da duk waɗanda suka ba ni jini, Allah ya saka muku.

Jiya Kawu ya zo. A gabana ya ce wa baƙi, "Da ba a fidda jinin nan ba, da maganin asibiti bai kama ta ba."

Wata baƙuwa daga Jabo ta ce ɗanta ma yana da irin tabon. Ta tambayi gidan wanzamin. Na sunkuyar da kai har ta tafi.

To, ga shi na rubuta. Tabo babu buguwa, dasashi mai jini: kada a tsaga, a je a gwada jini.

'Yan Jabo, baƙuwar nan ana ce mata Maman Sahabi. Don Allah wani ya karanta mata wannan yau.